Yadda likitoci ke tsayar da jini don ceto ƙwaƙwalwa

Wani lokaci bangon jijiyar jini a ƙwaƙwalwa kan yi rauni ya kumbura kamar balan-balan. Idan faɗinsa ya kai milimita 25, likitoci kan kira shi ƙaton kumburi, wanda fashewarsa kan yi ajalin mutum. Maganinsa shi ne a ɗamke wuyan kumburin da ɗan matsen ƙarfe, sai dai taɓa shi alhali jini na bugawa a ciki kasada ce.

Mafitar ita ce a tsayar da jinin baki ɗaya. Amma a ɗumin jiki na digiri 37 na ma'aunin Salsiyas, ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini fiye da 'yan mintoci. Sanyi ne ke ba da sarari, domin kowane digiri da aka rage na saukar da buƙatarta ta iskar oksijin da kusan kashi 7 cikin 100. Wilfred Bigelow ya gwada wannan dabara a kan karnuka a Toronto a 1950, kuma Robert Spetzler na Cibiyar Barrow da ke Amurka ya shahara da amfani da ita a tiyatar ƙwaƙwalwa daga shekarun 1980.

Nauyin rai yana wuyan likitan sa barci. Shi ke lura da siginonin ƙwaƙwalwa, yana ba da magunguna irin su tiyofental har aikinta ya lafa. Bayan an buɗe ƙoƙon kai, sai ya ba da hefarin don hana jini daskarewa, a haɗa majiyyaci da na'urar zuciya da huhu ta jijiyoyin gindin cinya, a sanyaya shi zuwa kusan digiri 18. Zuciya ta tsaya, a kashe na'urar, kumburin ya motse. Daga nan yake ƙidaya mintoci, domin haɗarin yana ƙaruwa da zarar an zarce kimanin rabin sa'a.

Ɗumama jiki a hankali ake yi. Babbar barazana a lokacin ita ce zubar jini, shi ya sa ake warware hefarin da furotamin, a kuma ƙara jini.

A yau ba kasafai ake wannan tiyata ba. Toshe kumburin ta cikin jijiya, ba tare da buɗe kai ba, ya maye gurbinta ga yawancin majiyyata.