Tukunyar gas a Madina: bayani ga alhazai, ɗalibai da mazauna



Da an fara shirin hajji ko umarar azumi, tambayar girki ba ta ƙarewa, musamman daga iyayenmu mata. Hajiya ta ɗaure garin tuwo, kuka, busasshiyar kuɓewa da shito, tana so ta san ko za a bar ta ta ɗora tukunya a Madina. Samarinmu da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, da masu aikin tuƙi ko shago a can, su kuma tasu tambayar ita ce inda ake cika silinda da yadda ake ɗaukarta a mota. Mun haɗa amsoshin a nan domin a karanta, a kuma karanta wa wanda ba ya iyawa.

A Madina musaya ake yi

A Nima ko Aboabo mun saba mutum ya saɓi silindarsa mai kilo 6 ko 14.5 ya je gidan gas, ya ce a zuba masa na sidi kaza. A Saudiyya ba haka tsarin yake ba. Kamfanin GASCO, wanda aka kafa a 1963, shi ne ya daɗe yana cika tukwanen gas a masana'antunsa, har da ta Madina, sannan a rarraba su shagunan unguwa. Kai dai ka kai wadda ta ƙare, ka biya, a ba ka cikakkiya. Tukunyar gida da aka fi sani tana ɗaukar kilo 11. Akwai ta ƙarfe, akwai kuma wata mara nauyi da aka fito da ita daga baya. A takarda sunanta ustuwana, a baki kuma za ka ji ana cewa anbuba ko dabba. Idan mai shago ya tambaye ka dabba nawa kake so, ba rago yake nufi ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu gaba ɗaya. Ranar 7 ga Oktoba 2017 gidan gas ya fashe a Atomic Junction, kusa da tamu Madinar ta Ankara, mutum 7 suka rasu, sama da 130 suka jikkata. Bayan nan ne gwamnatin Gana ta ba da umarnin a koma musayar silinda a ƙarƙashin hukumar NPA, ko da yake abin yana tafiyar hawainiya. Hikimar iri ɗaya ce a ƙasashen biyu: a raba cikon gas da tsakiyar jama'a, a mayar da shi inda akwai sikeli da masu duba lafiyar tukunya.

Don haka duk wanda ya ce zai cika maka ƙaramar tukunya daga babba a bayan gida, da tiyo da ɗan ƙarfen haɗi, ka ba shi haƙuri ka wuce. Dalilin yana cikin tukunyar kanta.

Abin da ke cikin tukunya

Gas ɗin girki haɗin furofen ne da butan. A cikin tukunya ruwa ne, domin an matse shi. Furofen yana tafasa tun sanyi yana digiri 42 ƙasa da sifili, butan kuma dab da sifili, shi ya sa da an buɗe kai ruwan yake komawa iska ya fito. Lita 1 ta ruwan furofen tana zama kusan lita 270 ta iska. Kuma ba sai ya cika ɗaki ba: idan ya kai kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, ƙyastu ɗaya ya isa.

Ba a cika tukunya har baki. Ana tsayawa a wajen kashi 80 cikin 100, a bar sauran fili. Mutanenmu da yawa suna ganin wannan ƙwange ne, har su roƙi mai gas ya ƙara musu. Wannan filin shi ne rai. Idan zafi ya ƙaru, ruwan furofen yana kumbura kusan sau 17 fiye da yadda ruwan sha zai kumbura, kuma ruwa ba ya matsuwa. In babu inda zai je, ko dai bawul ɗin kariya ya buɗe ya feso gas, ko ƙarfen ya tsage. Ƙarfin matsin ma hawa yake yi da zafi: furofen zalla yana da kusan ba 8 a digiri 21, ya kai 12 a digiri 38, ya doshi 18 a digiri 54. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba 2 da ɗan wani abu, sai a kwatanta.

Yanzu a tuna da zafin Madina. Daga Yuni zuwa Satumba rana tana haura digiri 40 kusan kullum, wani lokaci ta wuce 45, kuma motar da aka rufe a rana cikinta yana wuce 60. Tukunyar da aka cika fiye da ƙima da sanyin asuba tana iya zama wani abu dabam kafin azahar. Mai cikon bayan gida ba shi da sikeli, da kunne da hannu yake aunawa.

Abu na biyu, gas ya fi iska nauyi, sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, kwanciya yake yi a ƙasa ya bi kwata, ƙarƙashin gado, but ɗin mota da ɗakin ƙasa. Mu kuma masu shimfiɗa katifa a ƙasa ne idan ɗaki ya cika. Asalinsa ba shi da wari, warin ruɓaɓɓen ƙwai da muke ji sinadari ne da ake zuba masa da gangan domin hanci ya gane yoyo. Mai mura, ko tsoho da hancinsa ya yi rauni, ko wanda ke barci, ba lalle ya ji ba.

Markaziyya: a bar gas a waje

Markaziyya ita ce tsakiyar gari, unguwar manyan otal-otal da ke kewaye da Masallacin Annabi (SAW), cikin titin zobe na farko wanda ake kira titin Sarki Faisal. A nan ake sauke yawancin baƙi. Dokar otal-otal ɗin ba ta yarda da kunna murhun gas a ɗakin kwana ba, kuma mu a ganinmu wannan doka ce da ba ta bukatar gardama. Bene ne mai hawa goma sha wani abu, mutum huɗu ko biyar a ɗaki, tagogi da yawa ba sa buɗuwa sosai, iskar na'urar sanyaya ɗaki ce kawai ke zagayawa. Yawancin mazauna ciki dattawa ne da ba su san inda matakalar gudu take ba.

A watan Fabrairu 2014 gobara ta tashi a wani otal na masu umara a Madina, aka ba da rahoton rasuwar mutum 15 da jikkatar kimanin 130. Mun kawo ta ne saboda hayaƙi, domin shaƙarsa ce ta fi yin ɓarna. Wuta tana iya tsayawa a hawa ɗaya, hayaƙi kuwa ya bi bene duka. Ranar da aka sauke ku, kafin a kwance kaya, a fita a nemo ƙofar matakala mafi kusa, a ƙirga ƙofofi nawa ne tsakaninta da ɗakinku, a nuna wa Hajiya da Baba. Idan ƙararrawa ta yi kuka ba a shiga lifta. Kuma don Allah a daina ɗaure leda a kan na'urar jin hayaƙi da ke silin.

Garin kansa yana da tarihi da wuta. Bukhari da Muslim sun kawo labarin wani gida da ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta kafin a kwanta. Masallacin ma ya taɓa ƙonewa a shekara ta 654 bayan hijira, wato 1256, sanadiyyar wutar da wani ma'aikaci ya shiga da ita ɗakin ajiya.

Wanda cikinsa bai karɓi abincin can ba, abin da ya fi sauƙi shi ne guzurin da ba ya son wuta: gari, ƙuli-ƙuli, shito, madarar gari, dabino. Ruwan zafi kuma a tambayi ma'aikatan otal. Kada kuma wani ya saka ƙaramin gwangwanin gas a akwati daga Tamale ko Ankara. Haramun ne a jirgin sama, a kayan hannu ko a na awo, kuma yana iya sa a riƙe akwatin duka.

Da aka bar Madina aka nufi Makka dokar ta fi tsanani. Hukumar kashe gobara da ceto, Difa'ul Madani, takan sanar kowace shekara cewa daga farkon Zulhajji an hana shiga da gas Mina, Arafat da Muzdalifa, komai ƙanƙantar tukunya. Dattawanmu sun san mafari. A Disamba 1975 tukunyar gas ta fashe a tantunan Mina, kusan mutum 200 suka rasu. Ranar 15 ga Afrilu 1997 wata wutar ta cinye tantuna kusan 70,000, sama da mutum 340 suka rasu, wajen 1,500 suka jikkata. Fararen tantunan da ba sa cin wuta da alhazai ke kwana a ciki yau, bayan wannan musiba aka kafa su.

Ɗaukar tukunya a mota da fita daji

Mazauna unguwannin da ke wajen Markaziyya, ɗalibai masu iyali da ma'aikata, su ba makawa sai sun yi mu'amala da gas. Kuma idan sanyi ya shigo mutanen ƙasar suna da al'adar fita bayan gari da suke kira kashta: a loda darduma, tanti, butar shayi da murhu, wasu har da motar da aka gyara ta zama ɗaki da kicin. Al-Baida, kwarin da ke arewa maso yamma da gari wanda baƙi ke kira Wadil Jinni, yana cikin wuraren da ake zuwa. Samarinmu 'yan ataya ba a bar su a baya ba.

Tun a shago ake fara dubawa. Tukunyar da ta lotse, ko tsatsa ta ci gindinta, ko hatimin kanta a yage, a ce a canza. A jikinta akwai nauyinta ba gas, idan ka ɗora ta a sikeli ka cire wannan, abin da ya rage shi ne gas ɗin da ka saya.

A mota tsaye ake ajiye ta, a ɗaure ta yadda ba za ta gangara ba, a rufe bawul, a cire regileta. Dalilin tsayuwar shi ne bawul yana sama inda iska take. Idan aka kwantar da ita ruwan ne zai kai bakin bawul, kuma mun ga abin da lita 1 ke zama. Bayan a-kori-kura ya fi, in kuma ƙaramar mota ce a sauke gilashi, a wuce gida kai tsaye. Kada a ce bari in tsaya in yi la'asar a Harami, a bar ta a rufe a rana ko a wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa. Mai motar da ke da kicin a ciki ya rufe gas daga kan tukunya kafin ya tayar, ya tabbata ba wata wuta da ke ci idan zai shiga gidan mai. Akwatin da ake ajiye tukunya a irin wannan mota yana da rami a ƙasa domin yoyo ya zube waje. Ba a toshe shi don ƙura.

Ƙaramin murhun da ke amfani da gwangwanin butan mai giram 220 shi ne aka fi rainawa. Gas ɗin gwangwani ɗaya ya ishi cikin ƙaramar mota ya kama da wuta. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora faffaɗar tukunya ko faranti da ya rufe gefen da gwangwanin yake, zafi ya koma kansa ya fashe. Haka haɗa murhu biyu a ƙarƙashin tire ɗaya don gasa nama. Ba a sake cika shi, ba a jefa shi cikin wuta ko da ya ƙare, ba a barinsa gaban gilashin mota.

Daren hunturu a dajin Madina yana da sanyi, sai mutum ya ja murhu ko gawayi cikin tanti ya zuge. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksaid, wanda ba shi da wari ko launi. Farkonsa ciwon kai, jiri da kasala, mutum ya ɗauka gajiya ce ya kwanta. Idan mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai lokaci ɗaya a rufaffen wuri, a fita da kowa waje nan take. Girki a waje, ɗumi kuma bargo.

Haɗawa da gwajin yoyo

Regileta da tiyo a saye su can, waɗanda suka dace da kan tukunyar ƙasar, kada a dogara da wanda aka taho da shi daga gida. Tiyon ya zama na gas, ba na ban ruwa ba, a ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe, ba da igiyar roba ba. Zafin Madina yana busar da roba da wuri, don haka a riƙa lanƙwasa shi ana dubawa, da an ga tsaga a canza. Bayan kowace musaya a kaɗa ruwan sabulu a shafa a mahaɗa. In ya yi kumfa yana tasowa, akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana, kuma dutse ko turmi da wasu ke ɗorawa kan regileta don ya daina huci ba gyara ba ne. Harshen wuta mai kyau shuɗi ne. Idan ya koma ja yana baƙanta tukunya, murhun yana son wanki.

In an ji wari, a rufe bawul, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada a kunna fanka. A fitar da yara da tsofaffi, sai an fita waje a yi waya. Lambar Difa'ul Madani a Madina 911 ce, ta motar asibiti kuma 997. Wanda Larabcinsa bai nuna ba ya riƙe kalma biyu, harik wato gobara, da tasarrub gaz wato yoyon gas, ya kuma ajiye katin otal ko adireshin gida a aljihu. Idan wuta ta riga ta kama jikin tukunya kuma ba a iya kai hannu ga bawul, a bar ta a yi nisa. Wanda ya ƙone a sakar masa ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja, a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta a kai shi asibiti.