Tarihin dabarar rubuta motsi kafin hannu ya kai allo a wasan ces

Wasan ces, wato darar da ake bugawa a kan allo mai gidaje 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16, yana da tsohuwar dokar da ta wajabta wa mai wasa motsa duk ɗan da ya taɓa da gangan, kuma da zarar ya sake shi a sabon gida to babu janyewa. Wannan doka ce ta sa garaje ya zama babban ciwon kan masu koyar da yara, domin hannun yaro yakan riga tunaninsa isa allo, sai bayan ya ɗauke yatsunsa ne yake ganin dokin abokin karawarsa da ke shirin cinye masa sarauniya.

A Tarayyar Sobiyet, inda gwamnati ta buɗe gidajen horar da matasa irin na Leningrad da Vladimir Zak ya raini Boris Spassky da Viktor Korchnoi a ciki, an ɗauki wannan matsala da muhimmanci ƙwarai. Mikhail Botvinnik, wanda ya zama zakaran duniya a 1948 kuma daga baya Garry Kasparov ya yi karatu a makarantarsa, bai yarda da wasan gaggawa na 'yan mintoci ba, yana kuma matsa wa ɗalibansa su zauna su yi sharhi a kan wasannin da suka buga.

Dabarar da ta fi yaɗuwa kuwa ana danganta ta ne ga Benjamin Blumenfeld, gwanin wasa ɗan Rasha da ya yi nazarin yadda tunanin 'yan ces ke gudana, kuma Alexander Kotov ya yayata ta a littafinsa da aka fassara zuwa Turanci a 1971. Idan mai wasa ya gama lissafinsa ya tsai da shawara, ba zai taɓa komai ba sai ya rubuta motsin a takardar da ake adana wasa, gidan da ɗan zai tashi da wanda zai sauka, sannan ya sake duban allon da idon ɗan koyo, yana bincika ko ya bar wani ɗa ba kariya ko sarkinsa na cikin haɗari. Hikimarta a fili take, domin mutumin da ya nutsa cikin lissafin motsi biyar ko shida a gaba shi ne ya fi saurin makancewa da abin da ke gabansa, kuma 'yan daƙiƙun da alƙalami ke ci sun isa su dawo da shi.

A 2005 hukumar ces ta duniya, FIDE, ta haramta rubuta motsi kafin a yi shi, bisa hujjar cewa hakan tamkar dogaro ne da rubutu a tsakiyar wasa. Hujjar tana da ƙarfi a gasar manya, amma yara ne suka yi asara, domin an raba su da wata al'ada ta hannu mai sauƙin kamawa, aka bar malamansu da neman madadinta, wasu suna sa yaro ya zauna a kan tafukansa, wasu kuma suna sa shi ya ambaci motsin a zuci kafin ya miƙa hannu.