Yunwar da Ta Tona Asirin Burodi

A ƙarshen shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suka toshe hanyoyin kai abinci yammacin ƙasar Holan domin ramuwar gayya kan yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa. Sai sanyi mai tsanani ya biyo baya, magudanan ruwa suka daskare, jiragen dakon kaya suka kasa motsi. Mutanen biranen Amsterdam da Rotterdam da Hague suka koma cin saiwoyin furanni. Kafin a ceto yankin a watan Mayun 1945, yunwa ta kashe mutum kimanin 20,000.

A cikin wannan bala'i, wani likitan yara mai suna Willem-Karel Dicke, shugaban asibitin yara na Juliana da ke Hague, ya ga abin da ya saɓa wa hankali. Akwai wasu yara da ya daɗe yana jinya, masu tulun ciki da siraran ƙafafu da zawon da ba ya yankewa. Da burodi ya yi ɓatan dabo, sai yaran nan suka fara farfaɗowa alhali kowa na ramewa. Da fulawar agaji ta iso aka koma ba su burodi, sai ciwon ya dawo.

Ciwon nasu shi ne siliyak. Likitoci sun shafe kusan shekara 1,800 suna kwatanta shi ba tare da sun gane sanadinsa ba, kuma dalilin wannan jinkiri ya shafi duk wanda ke fama da ciwon cikin da aka rasa kansa a yau.

Wanda ya fara rubuta bayanin ciwon shi ne Aretaeus, likita Bagirke daga Kafadokiya, yankin da ke cikin Turkiyya ta yanzu, wajen ƙarni na 2 Miladiyya. Ya kwatanta mutanen da abinci ke ratsa cikinsu ya fita ba tare da ya amfani jiki ba, suna ta ramewa, ƙarfinsu na ƙarewa. Ya laƙaba musu suna daga kalmar Girkanci mai nufin ciki, kuma daga nan kalmar siliyak ta samo asali. A ganinsa, ɗumin da ke dafa abinci a tumbi ne ya yi rauni. Ya dace wajen kwatance, ya kuskure wajen dalili, aka kuma zauna a haka ƙarni bayan ƙarni.

Sai a 1887 wani likitan Landan, Samuel Gee, ya tayar da batun a wata lacca da ya gabatar a asibitin yara na Great Ormond Street, ya buga ta a 1888. Ya bayyana alamomin dalla-dalla: bayan gida fari-fari mai maiƙo da ɗoyi, kumburin ciki, da tsumburewar yaro. Ya haƙiƙance cewa in har akwai waraka, to ta hanyar abinci za ta zo. Har ya ba da labarin wani yaro da ya murmure lokacin da ake ciyar da shi wani naman ruwa mai ɓawo, dangin kawa, ciwon kuma ya dawo da kakar naman ta wuce. Duk da haka, cikin abincin da Gee ya yarje wa majinyatansa akwai yankan burodi gasasshe. Ɓarawon yana cikin gida, ana nemansa a waje.

A 1924 wani likitan yara a New York, Sidney Haas, ya fito da tsarin ciyarwa da ayaba. Ya hana yaran burodi da dankali da sauran hatsi, ya cika su da ayaba, da yawansu kuwa suka rayu. Haas ya ɗauka akwai wani sirri a cikin ayabar, alhali cire burodin ne ya yi aikin. Wannan kuskure ya yi ɓarna, domin iyaye da dama sun ɗauka yaransu sun warke, suka mayar da su kan burodi bayan 'yan shekaru, ciwon ya ci gaba da cin hanjinsu a ɓoye.

Shi Dicke tun shekarun 1930 yake zargin alkama, har ya yi ɗan rubutu a kai a 1941, amma ba a kula shi sosai ba. Yunwar yaƙi ta ƙarfafa masa zato, sai dai ya san zato ba hujja ba ne. Bayan yaƙi ya haɗa kai da Weijers na asibitin yara na Wilhelmina da ke Utrecht, da kuma van de Kamer. Suka riƙa ba yaran abinci a aune, wani lokaci da fulawar alkama, wani lokaci babu, suna auna yawan maiƙon da ke fita a bayan gidansu. Duk sa'ad da alkama ta shiga, maiƙon ya ƙaru, alamar hanji ya kasa tsotse abinci. Da an cire ta, ya ragu. Dicke ya gabatar da kundin digirinsa na uku kan wannan a 1950. Cikin shekaru uku da suka biyo baya, ayarinsa da wani ayarin masu bincike a Birmingham ta Ingila suka tabbatar cewa sitacin alkama ba shi da laifi. Mai laifin shi ne guluten, furotin ɗin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo har ya tashi. Akwai irinsa a sha'ir da wani hatsin Turai da ake kira rai.

Daga nan ilimin ya yi sauri. A 1954 John Paulley ya nuna yadda bangon ƙaramin hanjin majinyatan ke lalacewa. Lafiyayyen hanji cike yake da 'yan tsirarrun tsoka kamar gashin tawul, su ne ke tsotse abinci zuwa jini, amma a jikin mai siliyak sukan shafe su zama kamar daɓe. A 1956 Margot Shiner ta ƙirƙiro hanyar ɗauko ɗan tsokar hanji ta baki ba tare da tiyata ba. A 1997 masu bincike a Berlin suka gano sinadarin jikin da garkuwa ke kai wa hari, wanda ake taƙaita sunansa da tTG, kuma a kansa aka gina gwajin jinin da ake yi yanzu. Aka fahimci cewa a jikin wanda ya gaji wasu ƙwayoyin halitta, guluten na tunzura garkuwar jiki ta afka wa hanjin mai ita.

Gwajin jinin ya rushe zato biyu. Na farko, cewa ciwon yara ne da ba kasafai ake gani ba. Sai aka tarar yana kama kusan mutum 1 cikin 100 a ƙasashe da dama, yawancinsu ba su sani ba, kuma yana iya bayyana a kowane shekaru. A jikin babba, wani lokaci babu zawo ko kaɗan: sai dai kumburin ciki, ko taurin bayan gida, ko ƙarancin jinin da ba ya jin magani, kasala, gyambon baki, raunin ƙashi, ƙuraje masu ƙaiƙayi, ko yawan ɓari ga mata.

Zato na biyu shi ne cewa ciwon Turawa ne. A 1999 likitan Italiya Carlo Catassi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa yaran Sahrawi kusan 1,000 a sansanonin gudun hijira na Tinduf a Aljeriya. Kashi 5.6 cikin 100 na ɗauke da alamar ciwon a jininsu, adadin da ya ninka na Turai sau biyar. Waɗannan mutane ne da fulawar agaji ta zame wa babban abinci. A Holan rashin burodi ya fallasa ciwon, a hamadar Sahara kuwa yawansa.

Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: alkaki da gurasa da funkaso da taliyar hannu shaida ne. Amma abincin yau da kullum na kakanninmu gero ne da dawa, da masara da shinkafa da acca, kuma babu guluten a cikin ko ɗaya. Ma'aikacin birni na yau kuwa yakan karya da shayi da burodi, ya ci taliya da rana, ya kwana da tuwon semo, dukkansu alkama. Ga kuma al'adarmu ta raɗa wa kowane ciwon ciki suna olsa ko taifot ko basir, a sayi magani a kemis, a shekara ana sha.

Wannan ba ya nufin duk mai ciwon ciki siliyak gare shi. Tsutsar ciki, ƙwayar cutar da ke haddasa olsa, tarin fuka na hanji da rashin jituwa da madara duk suna iya kawo irin waɗannan alamomi. Amma wanda ya yi watanni yana fama, aka yi maganin waɗannan bai ga sauƙi ba, musamman in akwai rama ko ƙarancin jini, yana da hujjar tambayar likita ko an duba siliyak. Haka wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ke da ita, domin kusan 1 cikin 10 na irin waɗannan dangi na kamuwa, da kuma mai ciwon sukari nau'i na ɗaya.

Sai dai akwai sharaɗi: kada a daina cin alkama kafin gwaji. Da zarar an cire ta, alamar da ake nema a jini takan ragu, hanji ya fara warkewa, sakamako ya fito kamar lafiya ƙalau. Wanda ya yanke wa kansa hukunci ya bar burodi ya ji sauƙi, ya maimaita kuskuren Haas ne: ya samu sauƙi bai san dalili ba, kuma wata rana zai koma. Tsarin shi ne gwajin jini tukuna, sannan a zura na'ura ta baki a ɗauko ɗan tsokar hanji domin tabbatarwa.

In ta tabbata, har yau babu wani magani sai wanda Dicke ya gano: barin alkama da sha'ir da danginsu har ƙarshen rayuwa. Ga Bature wannan babban gwagwarmaya ne, don kusan duk abincinsa fulawa ce. Bahaushe kuwa tuwon dawa da fura da ɗanwaken da ba a sa wa fulawa ba da fate-faten acca suna nan suna jiransa, muddin ya tambayi abin da aka haɗa a kwaɓin kafin ya kai loma.