Leshin Gado: Daga Kano zuwa Unguwar Kilomita Biyar

Unguwar Kilomita Biyar, wadda mutanen Bangui ke kira PK5, ta samo sunanta ne daga nisanta da tsakiyar babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Ita ce cibiyar kasuwancin birnin, kuma a nan Musulmi suka fi yawa, cikinsu har da Hausawa. Tun a ƙarni na 19 fataken Hausa suke bi ta ƙasar Adamawa suna sauka a Kunde, wani zango da ke ƙarƙashin Lamidon Ngaundere, suna ba da tufafi suna karɓar hauren giwa. Bayan Faransawa sun kafa Bangui a 1889, sannu a hankali fatauci ya miƙe har gaɓar kogin Ubangi.

Tufa ita ce babban jarin waɗannan fatake. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa birnin na fitar da tufafi na kimanin wuri miliyan 300 a shekara. Abin da ke ɗaga darajar riga kuwa shi ne aikin allura, irin su aska biyu da aska takwas, waɗanda ake yi da zaren tsamiya ko da alharinin da ake kawowa daga Tarabulus ta Sahara. Irin wannan riga takan ci watanni a hannun maɗinki, saboda haka ba a yar da ita. Sarki kan yi kyautarta, uba kan bar wa ɗansa.

Leshi ya zo ne daga baya, sunansa ma aro ne daga Ingilishi. A haƙiƙa surfanin inji ne a kan yadi, wanda masana'antun Lustenau ta Ostiriya suka fara kai wa Nijeriya a shekarun 1960, tare da na ƙasar Suwizalan. Kasuwarsa ta haɓaka a zamanin arzikin man fetur, kuma ko da gwamnatin soja ta hana shigo da shi a shekarun 1970, ya ci gaba da kwararowa ta Kwatano. Bai daɗe ba ya sami gurbi a cikin lefe, ya zama wa mata abin da babbar riga take ga maza, wato ado kuma ajiya.

Idan jikin leshi ya sane, bakinsa mai kaurin surfani yakan rage da sauran ƙarfi. Sai mai ɗinki ta yanke shi da ɗan rarar yadi, ta naɗe rarar ciki, ta ɗora a wuya ko a hannun sabuwar riga. Allurar hannu ta fi dacewa da wannan aiki, domin keken ɗinki na iya yaga tsohon yadi. Ta haka zanen uwa yake komawa adon rigar 'yarta.

A PK5 wannan gado ya ƙara nauyi. Daga ranar 5 ga Disamba 2013 rikici ya mamaye Bangui, kuma a farkon 2014 dubban Musulmi suka tsere zuwa Chadi da Kamaru. Waɗanda suka rage sun zauna a killace cikin unguwar, har Paparoma Francis ya ziyarci babban masallacinta a ranar 30 ga Nuwamba 2015. Mai gudun tsira da rai ba ya ɗaukar gida ko shago, sai abin da ƙunshi zai iya ci, kuma tufa na cikinsa.

Don haka ɗalibin da ke binciken tarihin Hausawan ƙetare bai kamata ya raina bakin leshi a wuyan riga ba. Ya tambayi dattijuwar gidan: wa ya saye shi, a wace kasuwa, don auren wa, kuma da wane suna ake kiransa? Amsoshin sukan fito da hanyoyin fatauci, da dangantakar aure, da tsofaffin kalmomin da samari suka daina ji.