BABI NA UKU: Rayuwar Kurtu a Sansanin Horo Kafin Tafiya Yaƙin Boma

3.1 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Turawan mulkin mallaka suka bi ta hannun sarakuna da hakimai wajen ɗiban samari aikin soja bayan ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1939. Wannan babi zai dubi rayuwar da waɗannan samari suka tarar a sansanin horo kafin a tura su ƙasar Boma, wadda a yau ake kira Myanmar. Manufar ita ce a nuna cewa horon sansani ne ya mai da su mayaƙan kurmi, domin yawancinsu ba su taɓa ganin kurmi ba kafin su sa kaki.

3.2 Shiga Dafo

Cibiyar horar da kuratan Nijeriya ita ce Dafo ta Zariya, wadda aka kafa a 1924. Da zarar likita ya gama duba kurtu, sai a yi masa aski, a ba shi kaki da bargo, a kuma ba shi lamba. Albashin farabiti sule ɗaya ne a rana. Kafin yaƙi sojan Nijeriya ba ya sa takalmi ko a wajen fareti. A lokacin yaƙin ne aka fara raba takalma, kuma ƙafar da ta saba da taka ƙasa ta sha kanta kafin ta saba da su.

Begila ke tayar da kurtu tun da asuba. Daga nan sai motsa jiki, sai fareti, sai koyon kwance bindiga da ɗaura ta, da harbi, da sukar banati. Kofur da saje da samanja su ne ke tsaye a kansa, wasunsu kuwa sun dawo ne daga yaƙin Habasha na 1940 zuwa 1941. Ƙaramin laifi kan jawo gwale-gwale ko kwanan gadirum ko yankan albashi. Bulala ma ba a soke ta a rundunonin Afirka na Ingila ba sai a 1946.

3.3 Harshe

Tun farkon kafa rundunar Hausa ce harshen bariki, har ana buƙatar hafsoshi Turawa su koye ta. Kurtu Tibi ko Angas ko Babarbare dole ya kama ta cikin 'yan watanni, kuma daga wannan cuɗanya ne Barikanci ya bunƙasa. To amma da runduna ta kumbura, aka kawo sababbin hafsoshi waɗanda ba su jin Hausa, har da 'yan ƙasar Poland. Saboda haka Janar Giffard, babban kwamandan Afirka ta Yamma, ya matsa a koyar da Ingilishi. Wannan ya ba 'yan Kudu masu ilmin boko damar zama akawuna da direbobi da masu aikin sadarwa, alhali ɗan Arewa ya fi yawa a cikin masu ɗaukar bindiga.

3.4 Horon Kurmi

Hukumomin Ingila sun zaɓi sojan Afirka ta Yamma domin Boma bisa zaton cewa ya saba da kurmi. Wannan zato bai dace da manomin Katsina ko na Gwandu ba, wanda ya tashi a fili inda ido ke hango nesa. Don haka bayan an kafa Runduna ta 81 a watan Maris na 1943, da ta 82 a watan Agusta na shekarar, sai aka mai da hankali ga horo a dazuzzukan Kudu, irin su Olokemeji. A nan soja ya koyi sare hanya da adda, da kwanton ɓauna, da haye rafi, da kwana cikin ruwan sama. An kuma horar da rukunin 'yan dako masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, domin mota ba ta shiga inda za a je.

Runduna ta 81 ta tashi a jirgin ruwa a 1943, ta zagaya ta Afirka ta Kudu, ta sauka Bombay. A Indiya an ci gaba da horo, kuma a farkon 1944 sojojinta suna cikin kwarin Kaladan suna fuskantar Japanawa.

3.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kurtu ya fita sansani da sabuwar sana'a da sabon harshe, bayan ya biya da gumi da bulala da rabuwa da iyali. Babi na gaba zai duba yadda wannan horo ya yi masa rana a fagen daga.