Haƙƙin Rai a Bakin Rijiyar Gas

Duk wanda ya haƙa ƙasa har ya isa inda iskar gas take kwance, to ya taɓo wani ƙarfi ne wanda duwatsu suka danne tun zamani mai nisa, kuma babu abin da ya shiga tsakaninsa da wannan ƙarfi illa abu biyu: wata laka mai nauyi da ake ɗurawa cikin ramin domin ta rinjayi iskar ta hana ta tasowa, da wata na'ura ta ƙarfe a bakin rijiya wadda ake datse ramin da ita idan lakar ta gaza. Ma'abota wannan sana'a sun san alamomin gazawar tun kafin ta auku, domin idan lakar da ke dawowa sama ta fi wadda aka tura ƙasa yawa, ko kuwa rijiya ta ci gaba da kwarara alhali an tsayar da famfo, sun tabbata gas ya shigo. Ashe ke nan haɗarin nan ba gaibu ba ne. Abin da nake nufin tabbatarwa shi ne, tun da sabubban halaka sanannu ne, wajibi ne doka ta ɗora nauyin kawo hujjar aminci a wuyan mai rijiya tun kafin a kafa ƙarfe a ƙasa, kuma mai duba wannan hujja kada ya zama shi ne mai jiran rabonsa daga abin da rijiyar za ta fitar.

A dubi abin da ya faru ranar 22 ga Janairu, 2018, kusa da garin Quinton a jihar Oklahoma ta Amurka, inda kamfanin Patterson-UTI yake haƙa wa kamfanin Red Mountain wata rijiyar gas. An zare bututu daga ramin da dare, lakar kuwa ba ta da nauyin da zai danne iskar, sai gas ya yi ta taruwa a ƙasa sa'o'i masu yawa, tankunan laka suna ƙaruwa, ƙararrawar da ya kamata ta faɗakar da mutane tana kashe. Da gari ya waye rijiyar ta yi aman laka da gas, wuta ta kama, mutum biyar suka rasu a cikin ɗan ɗakin mai sarrafa injin haƙa, wanda yake a kan dandamalin, ba su sami mafita ba. Na'urar datse rijiyar ma ba ta rufe ba a lokacin da aka nemi ta rufe. Hukumar binciken haɗarin sinadarai ta ƙasar, da ta fitar da rahotonta a 2019, ba ta tsaya ga kuskuren masu aikin dare ba, bal ma ta nuna wani giɓi a cikin dokar kanta: ƙa'idar da hukumar kula da lafiya da amincin ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta kafa a 1992 domin kiyaye masana'antu masu haɗari ta keɓe aikin haƙar rijiyoyin mai da gas, ba ta hau kansa ba. Wato an wajabta wa matatar mai ta rubuta haɗarurrukanta da hanyoyin tsare su, an kuwa bar rijiyar da man ke fitowa daga cikinta ga ladubban da kamfanoni suka tsara wa kansu, waɗanda bin su mustahabbi ne, barin su ba laifi.

Sau da yawa idan irin wannan musiba ta sauka, akan gaggauta jingina ta ga ɗayan abu biyu, ko dai ƙaddara ko gafalar lebura. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma malamai ba su taɓa mayar da shi uzurin barin riƙo da sababi ba, kuma masana usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun lissafa kiyaye rai cikin larurori biyar waɗanda shari'a ta zo domin tsare su, suka gabatar da shi a kan kiyaye dukiya. Batun gafala kuwa, mutumin da ya yi sa'a goma sha biyu a tsaye, ƙararrawa tana damunsa da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba har ya gaji ya kashe ta, lalle ya yi kuskure, amma wanda ya tsara ƙararrawar haka, da wanda ya zaɓi nauyin lakar domin haƙa ta yi sauri, su ne suka share wa kuskuren hanya. Hular kwano da takalmin ƙarfe suna da amfaninsu, sai dai ba sa tare gas idan ya taso.

Birtaniya ta koyi wannan da tsada. A daren 6 ga Yuli, 1988, dandamalin Piper Alpha na kamfanin Occidental ya ƙone a Tekun Arewa, mutum 167 suka halaka. Asalin abin shi ne masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo domin gyara, labarin bai isa ga masu aikin dare ba saboda takardun izinin aiki sun rarrabu, suka tayar da famfon. Sa'an nan dandamalai maƙwabta suka ci gaba da turo mai da gas cikin bututun suna ganin wutar da idonsu, domin waɗanda ke kansu sun yi jinkirin tsayar da aiki ba tare da umarni daga tudu ba. Alƙali Cullen, wanda ya jagoranci binciken, ya kawo shawarwari 106 a 1990, biyu daga ciki su ne ginshiƙai. An karɓe duba lafiyar aiki daga Ma'aikatar Makamashi, wadda ita ce kuma mai neman a ƙara haƙa, aka miƙa wa hukumar lafiya da amincin ma'aikata. Aka kuma wajabta wa kowane kamfani, tun daga 1992, ya rubuta bayanin dukan abin da zai iya kashe mutane a wurin aikinsa da yadda ya toshe shi, kuma ba zai yi aiki ba sai hukuma ta karɓi bayanin. Amurka ba ta raba mai karɓar kuɗi da mai duba aminci a teku ba sai bayan gobarar dandamalin haƙa na Deepwater Horizon ta ci mutum 11 a Afrilun 2010.

Mai jayayya zai ce, barin kamfani ya rubuta hujjar amincinsa da hannunsa ai bai wa kura ajiyar nama ne. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ba na raina ta, domin takarda ba ta da wuyar cikawa, akwai ma 'yan kwangilar da sana'arsu ke nan. Amma jerin ƙa'idodin da gwamnati ke rubutawa dalla-dalla kullum yana bayan zamani, tun da kowace rijiya da irin duwatsunta da irin ƙarfinta, kuma kamfani yana iya cika jerin tsaf ya bar ainihin haɗarin yana nan. Maganin sukar shi ne sufeto masani, mai albashin da zai wadatar da shi, mai ikon rufe rijiya nan take, tare da ma'aikacin da doka ta lamunce masa ya ce a tsaya ba tare da fargabar kora ba. Idan waɗannan sharuɗɗa suka faɗi, hujjar da aka rubuta ta zama ado kawai.

Mas'alar ba ta yi mana nisa ba. Ranar 16 ga Janairu, 2012, injin haƙa na KS Endeavor, wanda ke yi wa Chevron aikin neman gas a tekun jihar Bayelsa, ya kama da wuta, mutum biyu suka rasu, wutar ta yi kwana 46 tana ci. Dokar masana'antar man fetur ta Najeriya ta 2021 ta rushe tsohon sashen albarkatun man fetur (DPR) ta kafa hukumar kula da haƙar mai ta NUPRC, amma ta haɗa mata sha'anin lasisi da haɓaka haƙa da lura da amincin aiki a ƙarƙashin inuwa guda, wanda shi ne ainihin haɗin da Cullen ya nemi a warware. Tun da aka ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani a iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022, 'ya'yan manoma da makiyayan wannan yanki ne za su nemi aiki a bakin rijiyoyin, mafi yawansu ta hannun 'yan kwangila, kuma ya kamata Majalisar Tarayya ta ware duba amincinsu ga wata hukuma dabam wadda ba ta da rabo a cikin ganga ko ɗaya, ta kuma wajabta buga rahoton kowane haɗari a fili, har da fassararsa cikin harshen da iyalan ma'aikatan ke ji.