Anike Agbaje-Williams: Fuskar Farko a Akwatin Talabijin

Ran 31 ga watan Oktoba, 1959, da yamma, mutanen Ibadan suka taru a gaban wani akwati mai fuskar gilashi wanda galibinsu ba su taɓa ganin irinsa ba. Da hoto ya fito, fari da baƙi, sai ga wata matashiya mai shekara 23 tana yi musu barka da zuwa. Sunanta Anike Agbaje-Williams, ita ce kuwa mutum na farko da aka gani a gidan talabijin na Jihar Yamma, wato WNTV.

Kafin mu je ga tarihinta, ya kamata mai karatu ya san abin da ya haifar da gidan kansa, domin rigimar siyasa ce mafarinsa. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Legas yana neman a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Aka yi ta sa-in-sa, har 'yan jam'iyyarsa ta AG suka fice daga zauren. Gwamna Macpherson ya shiga gidan rediyon gwamnati ya zarge su, da Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da martani, sai aka hana shi. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Da tsarin mulki na 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai nasu, shi kuma ya zama Firimiyan Jihar Yamma, sai gwamnatinsa ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila mai suna Overseas Rediffusion, aka kafa WNTV. Gidan ya riƙa yi wa kansa kirari da cewa shi ne na farko a Afirka. Gaskiyar magana ita ce, Faransawa sun riga sun gwada talabijin a Maroko da Aljeriya, amma a ƙasashen baƙar fata na kudancin Sahara babu wanda ya riga shi.

An haifi Anike ran 23 ga Oktoba, 1936, 'yar gidan Kuforiji ce, mutanen Abekuta. Ta yi karatu a makarantar 'yan mata ta mishan a Legas, wadda daga baya aka mayar da ita Ibadan aka sa mata suna St Anne's. A 1955 ta sami aiki a gidan rediyon gwamnati da ke Ikoyi, amma aikin ofis ne, na ƙaramar ma'aikaciya. Ana nan, wata rana mai yin sanarwa bai zo aiki ba, lokaci kuwa ba ya jira, sai aka ce Anike ta shiga ta riƙe masa. Da shugabanninta suka ji muryarta da yadda take furta kalmomi, ba su bari ta koma teburinta ba. Wani zai ce sa'a ce, to, amma sa'ar ta iske ta da abin hannunta, don da harshenta ya sarƙe a ranar nan da ba wanda zai sake jin labarinta.

Aikin mai sanarwa a wancan zamani ba wasa ba ne. Gidan talabijin ɗin yana aiki ne 'yan sa'o'i kaɗan da yamma, kuma in ban da finafinan da ake sayowa daga waje, kusan kome kai tsaye ake gabatar da shi. In ka yi tuntuɓen baki, duk gari ya ji, babu damar a goge a sake. In na'ura ta lalace, mai sanarwa ce za ta tsaya gaban kyamara ta ba jama'a haƙuri, ta cike lokaci da magana mai ma'ana har injiniyoyi su gyara. Da aka buɗe sashen rediyo na gidan, wato WNBS, a 1960, muryarta ce kuma aka fara ji, shi ya sa abokan aikinta suka yi mata laƙabi da mai farko biyu.

Mu marubuta akwai abin da ya shafe mu a nan. A wannan gida ne, a 1960, Segun Olusola ya shirya wasan kwaikwayon da Wole Soyinka ya rubuta musamman don talabijin, tun yana saurayi. Nasarar Ibadan kuma ita ta zaburar da sauran jihohi: Inugu ta buɗe nata a 1960, Kaduna ta biyo baya a 1962, har gwamnatin soja ta haɗe su duka ƙarƙashin NTA a 1977. Ita kuwa Anike ta ci gaba da aiki, ta zama mai shirya shirye-shirye, ta kai matsayin darakta, sa'an nan ta yi ritaya a 1986. Ta rasu a Ibadan cikin watan Fabrairu na 2025, tana da shekara 88.

Abin lura shi ne, marubuci yakan mutu ya bar littafi, amma aikin mai sanarwa iska ke tafiya da shi. Shekara talatin Anike ta yi tana wannan aiki, amma kaɗan ne daga cikin kalamanta na farkon zamanin za a iya saurara a yau. Abin da muka sani game da ita, mun san shi ne don ta yi tsawon rai, kuma 'yan jaridar ƙasarta sun je sun zauna da ita sun rubuta.

To, 'yan'uwa, ina namu? Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ma yana da mutanen da suka fara magana a cikinsa, maza da mata, waɗanda suka sha wahalar samo wa sababbin abubuwa sunayen Hausa tun babu ƙamus da zai taimake su. Da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, amma akwai 'ya'yansu da waɗanda suka koyi aiki a hannunsu. Duk wanda ke da irin wannan dattijo a unguwarsa, ya ɗauki biro da takarda ya je ya gaishe shi tun bana.